Kyarkecin Turai da Haƙƙin Makiyayi

A watan Disamba na 2024 ƙasashen da suka sa hannu a yarjejeniyar Berne ta 1979 suka amince a sassauta kariyar da doka take bai wa kyarkeci. A da dabba ce da aka hana kashewa sai bisa larura mai tsanani, yanzu kuwa ana iya rage yawanta bisa ƙa'ida. Hukuncin ya soma aiki a watan Maris na 2025, Tarayyar Turai kuma ta gyara dokarta ta 1992 ta bi sawu.

Tsohuwar dokar tana da hujja. Turawa sun kusa ƙarar da wannan dabba da bindiga da tarko da guba, har ta ɓace a Faransa cikin shekarun 1930, ba ta dawo ba sai 1992, daga wajen Italiya. Da aka ɗaga mata ƙafa sai ta hayayyafa. A 2023 an ƙiyasta kyarketai sama da 20,000 a ƙasashen Tarayyar, suna kashe dabbobin kiwo kimanin 65,000 kowace shekara, mafi yawansu tumaki.

To, tausayin nan wa yake biyan kuɗinsa? Mazaunin birni yana murnar dawowar kyarkeci, alhali wanda yake kwana ido biyu a bakin garke shi ne makiyayi. Ana ba shi diyya, gaskiya ne, amma diyya ba ta mayar da tunkiyar da ta yi ɓari saboda firgita, ba ta kuma biyan barcin da aka rasa. Alherin da mutum zai yi da dukiyar wani, ba tare da ya ji ta bakin mai ita ba, akwai zalunci a cikinsa ko da niyyar ta yi kyau.

Makiyaya sun shekara da shekaru suna kuka. A watan Satumba na 2022 kyarkeci ya kashe ƴar godiyar Ursula von der Leyen, shugabar Hukumar Tarayyar Turai, a Jamus, a ƙarshen 2023 kuma hukumar ta kawo shawarar sassauta dokar. Mutane suka yi ta haɗa wannan da wancan. Abin da ke cikin zuciya Allah ne masani, sai dai zargin ya samu masu saurare ne domin kowa ya san kukan talaka ba ya saurin isa fada.

Imamu Malik ya sa kyarkeci cikin namun da ke far wa mutane, waɗanda ya halatta a kashe ko da mutum yana cikin harami. Dalilin halaccin shi ne kawar da cuta, ba ramuwa ko nishaɗin farauta ba. Mun kuma san yadda ƴan'uwan Annabi Yusufu, amincin Allah ya tabbata a gare shi, suka ɗora wa kyarkeci laifin da bai yi ba. Abin tsoro ke nan yanzu: ɓarnar karnukan da aka saki da tsadar abincin dabbobi da gudun da matasa ke yi wa kiwo, duk a ɗora su a wuyansa don shi ba ya iya musu. Sabuwar dokar ma ba ta yarda a ƙarar da shi ba. Ta wajabta wa kowace ƙasa ta kiyaye yawansa yadda irinsa zai ɗore, wadda kuma ta so ci gaba da tsananin kariyar da, an bar mata zaɓinta.