Gumakan Zamani da Dogaro ga Allah



Duk mun san Lata da Uzza gumaka ne, kuma ba mai yi musu sujada a zango. To, amma da me muka jingina zukatanmu? Wani da biza, wani da kuɗin banki, wani da ubangida, wani da laya. Duk abin da zuciya ta ɗauka shi ke tsare mata gobe, ya kama hanyar zama gunki.

Mu tambayi dattawanmu. A 1969 gwamnatin Busia ta ba baƙi marasa takarda kwana 14 su bar Gana, mutane suka bar gidaje da shaguna a zangon Kumasi da Nima. A 1983 Najeriya ta kori 'yan Gana kusan miliyan 1. Sanarwa guda ta rushe wahalar shekaru.

Ba cewa muke a naɗe hannu ba. Annabi (SAW) ya umarci mai raƙumi ya ɗaure shi, sannan ya dogara ga Allah. Mu yi karatu, mu nemi halal, mu yi tanadi, amma zuciya ta tsaya ga Rayayyen da ba Ya mutuwa.

Allah Ya sa mu dace, amin.