Kifin da Ba Ya Shiga Tukunya: Don Me Za a Cece Shi?

A arewacin yankin Wels na ƙasar Birtaniya akwai wani tafki mai suna Llyn Tegid, tsawonsa kimanin kilomita 6. A can ƙarƙashinsa, inda ruwa ya fi sanyi, akwai wani farin kifi da mutanen wurin ke kira gwyniad. Yau shekaru wajen 10,000 ke nan yana zaune a ciki, kuma wannan tafki kaɗai ne gidansa na asali a duk duniya.

Abu biyu suka sa shi a gaba. Na farko, takin gonaki da ruwan sama ke wankewa zuwa tafkin yana sa gansakuka ta yawaita, in ta ruɓe kuwa sai ta cinye iskar da kifin ke shaƙa. Na biyu, wani baƙon ƙaramin kifi mai suna ruffe, wanda ya shiga tafkin a shekarun 1980, yana cin ƙwansa. Saboda haka, tsakanin 2003 da 2007, masana suka kwashi ƙwan gwyniad suka kai wani tafki na kusa, Llyn Arenig Fawr, don kada irin ya ɓace.

To, ga tambayar: kifin nan doka ta hana kama shi, ba ya shiga kasuwa balle tukunya. Shin daidai ne a kashe masa kuɗi alhali mutane na kwana da yunwa?

Tambaya ce mai nauyi, bai kamata a raina ta ba. Amma mu lura, hannun ɗan Adam ne ya ɓata ruwan. Wanda ya yi ɓarna kuwa gyara ya zama bashi a wuyansa, ko da wanda ya cuta ba shi da bakin kai ƙara. A nan ake gane mai gaskiya: yadda yake yi da wanda ba zai iya saka masa ba. Zuciyar da ke auna kifi da amfaninsa kaɗai, gobe da mudun nan za ta auna tsoho da gurgu da maraya.

Abin da marigayi Paparoma Francis ya koyar ke nan a wasiƙarsa Laudato Si' ta 2015, cewa kowace halitta tana da daraja tata a gaban Mahalicci. Duniya amana ce a hannunmu. Irin da ya ƙare, babu gwanin da zai sake ƙera shi.

Allah ya sa mu riƙe amana. Amin.