Furen da ba a ci

Yaƙin da ya ɓarke a Khartoum ranar 15 ga Afrilun 2023 ya raba mu da gida shekara biyu. Da muka dawo Omdurman, na jira sanyin Nuwamba na shuka furen asta a tsakar gida. Goggona ta ce, "Ɗan nan, ruwan da muke saye wurin mai jaki za ka ba abin da ba a ci? Ai da kuɓewa ka shuka."

Maganarta ta tsaya mini a rai, don kullum labarin yunwa nake karantawa a rediyo. Ya dace mutum ya nemi ƙawa alhali maƙwabcinsa na neman abinci?

Na ga ko a sansanin gudun hijira ana shuka kuɓewa, amma fure sai wanda ya yarda ya zo gida ke nan. Duk da haka bai kamata ya sha rabon mutum ba. Sai na ajiye kwano inda muke alwala, abin da ya taru shi ne nasa.

Yanzu idan na makara a wurin aiki, Goggo ke zuba masa.