A SAYAR DA GONA DOMIN MAGANI?

'Yan'uwa, akwai wata tambaya da ta ke iso ƙofar gidajenmu a ƙasar Kankiya da Kusada, ba mu kuwa da damar kau da kai. A ce wani magidanci ne mai 'ya'ya biyar, kaluluwa ta fito masa a wuya, ba ta ciwo, ba ta kuwa bajewa. Yana zufa da dare, yana ramewa. Wanzami ya yi sakiya, bai sami mugunya ba. Sai da aka kai shi Kano, aka yanki ɗan nama aka duba, kana aka ce limfoma ce. Ya sha magani ta jijiya wata da watanni, ta lafa, ta kuma dawo. Yanzu likita ya ce sai dashen ɓargo, kuɗinsa kuwa ya fi ƙarfin amfanin gona na shekaru da yawa. Dattawan gida suka zauna a zaure: a sayar da gonar gado, ko a bari?

Kafin mu amsa, sai mu san cutar tukuna. Limfoma sankara ce ta fararen ƙwayoyin jini, watau waɗanda su ke tsaron jiki daga cuta. Wani likitan Ingila, Thomas Hodgkin, ya bayyana wani irinta a 1832. Denis Burkitt kuma ya bayyana wani irin a Uganda a 1958, wanda ya kan kumbura muƙamuƙin yara. Ba sammu ba ne, ba a kuwa ɗaukarta wurin jiyya. Da yawa su kan warke da magani kaɗai, in an gane ta da wuri.

Dashen kuwa ba fiɗa ba ne. A cikin ɓargo akwai ƙwayoyin iri da su ke haifar da jini. Ga mai limfoma, yawanci nasa a ke ɗiba. A yi masa allurai na 'yan kwanaki har irin ya fito cikin jini, na'ura ta tace shi, a daskarar a ajiye, kamar yadda manomi ya kan ware iri a rumbu. Sa'an nan a ba shi magani mai ƙarfi wanda ya ke kashe sankarar, ya kashe ɓargon tare da ita. Kana a mayar masa da irin ta jijiya, kamar ƙarin jini. Mako biyu zuwa uku jikinsa ba shi da mai tsaro, ƙaramar cuta ma tana iya kashe shi. Wani lokaci kuma sai an nemi na wani, ɗan'uwa uwa ɗaya uba ɗaya kuwa sau ɗaya cikin huɗu ya kan dace sarai. A Nijeriya an fara dashen a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Benin a 2011, ga wani yaro mai amosanin jini, aka yi a Legas a 2024. Da yawa har yanzu Indiya su ke zuwa. Waɗansu sun warke, waɗansu cutar ta dawo musu, waɗansu kuma wahalar maganin ce ta ɗauke su.

To, a zauren nan murya biyu ce. Wani ya ce, rai ya fi dukiya, a sayar. Gaskiyarsa. Wani ya ce, gonar nan ita ce abincin yaran, in mutum ya tafi, gona ta tafi, me za su ci? Shi ma gaskiyarsa. Na farin yana kallon mutum ɗaya da ya ke kwance, na biyun yana kallon biyar da su ke tsaye. Kada mu ce da ɗaya marar tausayi, ko mu ce da ɗayan marar hankali.

Amma laifinmu yana wani wuri dabam. Muna wannan shawara a zaure, mai ciwon kuwa yana ɗaki, ba a ko faɗa masa sunan cutarsa ba. Mu kan ce, kada hankalinsa ya tashi. Alhali jikin nasa ne, yaran nasa ne, gonar ma tasa ce. Shi zai kwanta mako ukun nan tsakanin rai da mutuwa. In mun ɓoye masa, mun ƙwace masa abu biyu: ikon zaɓe, da lokacin shirya gidansa, ya biya bashi, ya nemi gafara, ya yi wa 'ya'yansa magana.

Wani zai ce, ai gaskiya tana karya zuciya. Mun ji. Amma jiki magayi ne. Mun zauna bakin gadon majiyyata da yawa, mun ga yawancinsu sun riga sun sani. Suna yin shiru ne domin kada su ɓata mana rai, mu kuma muna shiru domin kada mu ɓata musu. Ta haka mutum ya kan ɗauki tsoronsa shi kaɗai a tsakiyar danginsa. Ba mu ce a jefa masa magana kamar dutse ba. A faɗa da sannu, gwargwadon abin da ya tambaya, amma kada a yi masa ƙarya.

Sa'an nan a je wurin likita tare da shi da matarsa, gama ita za ta ɗauki nauyin kowace amsa. A yi tambaya uku. Cikin mutum goma masu irin ciwonsa, nawa su kan warke? Nawa ne kuɗin duka, har da na jiyyar bayan dashe? In kuma ba a yi ba, wane magani zai rage masa zafi?

Bayan wannan, abin da ya zaɓa mu girmama shi. In ya ce a yi, bai raina ikon Allah ba, gama hikimar likita ma baiwa ce. In ya ce a bar wa yara gona, bai kashe kansa ba, ƙauna ce ta sa. Haka kuma ɗan'uwan da jininsa ya dace, a roƙe shi, kada a tilasta shi.

Mu kuma na Ekklesiya, baki ba ya biyan kuɗin asibiti. In mun ce a yi magani, sai mu kawo damin gero da na dawa, samari su ba da jini, a yi masa gayya da damina. Watakila da hannu da yawa jingina ta isa, ba sai an sayar ba.

A ƙarshe, wanda ya ga kaluluwa ta yi makonni ba ta baje ba, kada ya jira kaka. Ya tafi asibitin Kankiya, ya roƙa a tura shi Katsina, ko Kano, ko Shika, a duba. Sau da yawa kuɗin mota na yau shi ke tsare gonar gobe. Ubangiji ya ba mu gaskiya a baki, da tausayi a zuciya. Amin.