ƘARFEN DA WUTA TA KASA CI, NA WA NE?



Wani ɗalibinmu da ke karatu a Ingila ya turo min tambayar da na kwana ina juya ta. A can, mafi yawan mamata ƙona su ake yi. Idan wuta ta gama aikinta, sai a tarar da abin da bai ƙone ba: ƙarfen da likita ya sa wa mutum a ƙugu ko gwiwa, da ƙusoshin ɗorin karaya. Zafin gidan ƙona gawa bai cika wuce digiri 1,000 ba, shi kuwa ƙarfen taitaniyam sai ya haura 1,600 yake narkewa. Akwai kamfani a ƙasar Holan mai suna OrthoMetals da ke tattara irin waɗannan ƙarafa, a narkar da su a yi wasu kayan. A Ingila ana neman amincewar iyalan mamaci, kuɗin kuma a ba ƙungiyoyin jinƙai. Ya ce: Malam, wannan alheri ne ko cin mutunci?

To, mu raba magana biyu.

Ƙona gawa dai ba mu da shakka a kansa. Shari'a ta wajabta binnewa, kuma alfarmar ɗan Adam ba ta faɗuwa don ya mutu.

Amma ƙarfen fa? Malamanmu sun yi magana kan haƙorin zinare a bakin mamaci: idan zai fita ba tare da an yi wa gawa illa ba, a cire shi, domin dukiya ce ta magada, kuma an hana mu tozarta dukiya. Ka ga ke nan ba su ɗauke shi tsokar jikin mutum ba. Aro ne, an yi amfani da shi, mai shi ya tafi. Da wannan ma'auni, ni ban ga laifi a narkar da ƙarfen ba, muddin magada sun yarda. Laifin yana wajen wutar da ta fito da shi.

Mu kuwa da ke binnewa, lissafinmu daban ne. Idan mahaifinka ya rasu da ƙarfe a cinya, irin wanda ake sa wa mutane a asibitin ƙashi na Dala, kada ka yarda a tsaga shi don a ciro. Mutuncinsa ya fi ƙarfen tsada. A yi masa wanka, a sa masa likkafani, a kai shi makwancinsa da abinsa.

Abin da ya fi taɓa ni shi ne wannan: jikin da muke wa ado ya zama toka, abin da aka ara masa ya rage. Kai ɗan'uwa, me za ka bari wanda wuta da ƙasa ba za su ci ba?

Wallahu a'alam. Allah Ya sa mu cika da imani.