Furannin Da Ke Riga Ruwa Zuwa



Kowace shekara Idin Ista yakan faɗo tsakanin 22 ga Maris da 25 ga Afrilu. A ƙasarmu wannan ita ce tsakiyar bazara, lokacin da rijiya ta ja baya, rumbu ya yi ƙasa, rana tana dukan mutum da dabba. Littattafan da aka rubuta a Turai sukan haɗa Tashin Ubangiji da furannin da ke fitowa bayan ƙanƙara ta narke, har waɗansunmu suka ɗauka mu ba mu da namu. Muna da su. Duk wanda ya bi hanyar Kano zuwa Jos a waɗannan watanni, ya wuce Tudun Wada ya ratsa dajin Falgore ya nufi Doguwa, ya wuce ta gabansu, ko ya lura ko bai lura ba.

Ku fara da duban ƙasa. Inda wutar daji ta ci tun cikin hunturu ta bar toka, za ku ga fure mai kunne biyar, faɗinsa ya kusa tafin hannun yaro, yana zaune daf da ƙasa, babu ganye, babu reshe. Wannan ita ce rawaya, wadda launin da muke kira rawaya ya ci sunanta. Saiwarta ce iyayenmu suke rini da ita, suke sa wa miya, suke jiƙa wa mai shawara. Ganyenta ba ya fitowa sai da damina. To, da me take yin fure alhali ba a yi ruwa ba? Da abin da ta tara. Duk tsawon daminar bara tana ajiye abinci a cikin kaurin saiwarta, wuta ta bi ta kanta ta wuce, abin da ke ƙarƙashin ƙasa bai ƙone ba. Mu da aka shafa wa toka a goshi ranar Laraba ta Toka ya kamata mu tsaya a kan wannan fure fiye da kowa. Addu'ar da uwa ta koya wa ɗanta a kan tabarma, da katikisim ɗin da katikis ya yi ta maimaitawa a gindin itace, su ne saiwar. A ranar ciwo da ranar rashi, lokacin da babu sabon abin da ke shigowa zuciya, daga nan mutum yake ci.

Sa'an nan ku ɗaga ido. Itacen da furanninsa rawaya suke zubowa ƙasa zara-zara kamar an rataye tsakiya, da dogayen 'ya'ya baƙaƙe kamar sanduna, marga ce. Wanda ya tuɓe ganye sarai ya lulluɓe da furanni masu ruwan hoda, kowanne da siffar ƙaramin kakaki, sansami ne. Ja wur a kan reshe mai ƙaya, sau da yawa a bakin shinge, minjirya ce. Ɗorawa kuwa ba ta bukatar gabatarwa, sai dai ƙalilan ne suka san cewa jajayen tuntunta da dare suke buɗewa, jemagu ne suke kai ƙurar fure daga wannan itace zuwa wancan, ƙudan zuma su biyo baya da asuba. Yaron da ke harbin jemage da danƙo, daddawar uwarsa yake ragewa bai sani ba.

Gauɗe hanci ne ke fara gane shi: furensa fari ne mai ƙamshi, in ya kwana ya koma rawaya. Haka ma sanya, wadda ake kira uwar magunguna. Furanninta ƙanana ne masu launin shunayya, irin launin rigar da Fada yake sawa a lokacin Azumi, saiwarta kuma tana ƙamshin man zafi. Wannan saiwa ce ta jawo mata wahala. Masu neman magani suna tone ta gaba ɗaya, itacen ya mutu a tsaye.

A Littafin Sarakuna na Fari, inda aka lissafta hikimar Sulemanu, an haɗa har da saninsa na itatuwa, manya da ƙanana. Ubangijinmu ma, a Bisharar Matiyu sura 6, furannin jeji ya nuna wa almajiransa sa'ad da yake yi musu magana a kan damuwa. A shekarar 2015 marigayi Paparoma Francis ya rubuta wa duniya wasiƙa a kan kula da halitta. Amma ƙaƙa mutum zai kula da abin da bai san sunansa ba? Kakanninmu, tun kafin Bishara ta iso su, sun san kowane itace da sunansa da amfaninsa. Yau ɗalibi yana iya lissafta furannin Ingila daga littafin makaranta, a nuna masa sansami ya ce "itace ne". Abin da ba shi da suna, in an sare shi babu mai makokinsa, ga buhunan gawayi nan jere a bakin titi suna shaida. Kogin Kano ta cikin Falgore yake bi kafin ya zuba a madatsar ruwa ta Tiga, wadda aka gama a 1974. In gangaren ya zama fili, ruwan sama zai kwashe ƙasa ya kai ta madatsar, manoman rani na Bebeji su ma abin ya shafe su.

Saboda haka ina roƙon iyaye da malaman makarantar Lahadi: kafin shuka ta ɗauke hankalin kowa, ku fita da yara bayan gari tare da dattijo ɗaya ko tsohuwa ɗaya, ba sai kun shiga tsakiyar daji ba. Ku nuna musu launi, da siffar ganye in akwai, da ƙamshi, ku sa su faɗi sunan. Zumuntar mata masu yi wa bagade ado a ranar Ista, ku yanki reshen marga kaɗan, kada ku tumɓuke komai da saiwarsa.

Akwai guda ɗaya da take jiran ruwan fari. Kwanaki kaɗan bayan an yi shi, a kwari da gefen fadama, albasar kwaɗi takan fito da manyan furanni farare, kowane kunne da jan layi a tsakiyarsa. Ku nuna wa yara ita, ku kuma gaya musu cewa albasarta tana da dafi, ba ta shiga baki.