Waƙa Amana Ce: Hukuncin Cire Sunan Marubuci

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, tsira da aminci su tabbata ga Annabinsa Muhammadu da alayensa da sahabbansa. Bayan haka, wata ɗabi'a ta yawaita a wannan zamani wadda ya kamata a auna ta da ma'aunin shari'a. Marubuci zai raba dare yana gyaran ƙafiya da kari, ya saki waƙarsa a Facebook ko WhatsApp, kafin gari ya waye ta kewaye duniya ba sunansa. Wani ma yakan share sunan ya ɗora nasa. Shin wannan halal ne?

Masu yin haka suna da hujjarsu. Sukan ce ilmi ba a ɓoye shi, kuma waƙar wa'azi an yi ta ne domin ta bazu. Wannan magana gaskiya ce, amma ba ta kai inda suke nufi ba. Waƙar Imfiraji ta Malam Aliyu Namangi Zariya ta bazu a ƙasar Hausa, makafi na rera ta ƙofa-ƙofa, duk da haka ba a taɓa raba ta da mai ita ba. Ashe yaɗa waƙa daban, ƙwace ta daban.

Magabata ba su yi sakaci da wannan al'amari ba. Masana adabin Larabci sun keɓe babi guda domin satar waƙa, kamar yadda Ibn Rashiƙ ya yi a littafinsa Al-Umda. Imam Suyuɗi kuwa risala ya wallafa domin rarrabe mawallafi da ɓarawon talifi. A ƙasar Hausa ma marubuta da yawa sukan saka sunansu a baitocin ƙarshe, su ajiye shekarar gamawa cikin ramzi, mai kwafa kuma ya kiyaye su kamar yadda ya same su. Da irin wannan riƙon amana ne waƙoƙin Nana Asma'u suka iso ga mutanen yau da sunanta.

To, marubuci yana da haƙƙi biyu. Na farko haƙƙin dukiya. Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi, a zamanta na Kuwait cikin 1988, ta zartar cewa haƙƙin wallafa abu ne da shari'a ta kare, bai halatta a keta shi ba. Dokar Nijeriya ta 2022, wadda aka sa wa hannu a 2023, ta kare rubutu tsawon ran marubuci da shekara 70 bayan rasuwarsa, ta kuma ba shi damar neman a sauke aikinsa daga intanet idan an ɗora ba da izninsa ba. Wannan haƙƙi yana iya yafe shi, da yawa ma sun yafe don neman lada.

Na biyu haƙƙin suna, shi kuwa ba ya karɓar yafewa ta yadda wani zai ce shi ya yi. Domin ko mai waƙa ya yi shiru, wanda ya jingina ta ga kansa ya yi ƙarya, ya karɓi yabon da bai yi wa gumi ba. Akwai kuma wata ɓarna. Waƙar da ba suna kowa na iya sauya mata baiti, ya cusa hukuncin da ba shi da asali, mai karatu kuma ya rasa wanda zai tambaya. Dalilin da ya sa malaman hadisi suka tsananta kan isnadi ke nan.

Saboda haka wanda waƙa ta burge shi ya tura ta cikakkiya da sunan mai ita. In bai san shi ba, ya faɗi cewa ba tasa ba ce. In zai buga ta ko ya rera ta don samun kuɗi, ya nemi izni tukuna. Allah Ya umurci a mayar da amana ga masu ita cikin Suratun Nisa'i, aya ta 58, baiti guda kuwa amana ne. Allah Ya sa a gane, amin.